Kuɗin Wata ko Mita Mai Kati: Gardamar da Ta Iso Kuki

Shekara da shekaru, a garuruwa da ƙauyukan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, gidan da ya ja wutar lantarki ba ya tambayar nawa ya sha. Abin da ya sani shi ne nawa aka yanka masa. In wata ya ƙare a kawo takardar bil, ko ɗan kwamiti ya zagayo da littafinsa, maigida ya miƙa abin da aka saba, sai kuma wani watan. An kawo wuta kwana ashirin ko kwana biyar, kuɗin dai ba ya motsi sosai. Wannan shi ake kira kuɗin wata, ko bil na ƙiyasi, kuma kwanansa na ƙarewa. A wani wuri mita ce ke isowa ta kashe shi. A wani wurin kuɗin da aka yanka ne ke ta hawa har ya daina zama abin da aka saba. Ko ta wace hanya ya ƙare, maigida a ƙauyen Kuki yana tsintar kansa gaban tambayar da mahaifinsa bai taɓa amsawa ba: ya nemi mita mai kati ya riƙa biyan iya abin da ya sha, ko ya lallaɓa ya ci gaba da biyan dunƙulallen kuɗi muddin an ƙyale shi?

Mutanen Ingila ma suna da irin wannan rana, sai dai tasu daban take. Can mutum yakan ƙulla yarjejeniya da kamfanin wuta da gas ta shekara ɗaya ko biyu a kan farashin da ba ya canzawa. In wa'adi ya cika, ko ya sake ƙulla wata, ko ya koma wani kamfanin, ko ya zauna a kan farashi mai hawa da sauka a ƙarƙashin iyakar da hukumarsu, Ofgem, ke sake dubawa duk wata uku. Da farashin gas ya haukace a 2021 da 2022, kamfanoni kusan 30 suka durƙushe, waɗanda yarjejeniyarsu ta ƙare a tsakiyar rikicin kuma suka ji a jikinsu. Amma duk gardamarsu a kan kuɗi ta tsaya. Babu mai tambayar ko za a kawo wutar. Mu kuwa kamfani ɗaya gare mu. Tun da aka cefanar da PHCN a watan Nuwamban 2013, KEDCO ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, farashi kuma hukumar NERC ke yanke shi daga Abuja. Ba mu da zaɓin wurin saye. Abin da ya rage a hannunmu shi ne yadda za a auna mana, da kuma ko za mu jingina rayuwar gida gaba ɗaya da wayar da ta zo daga falwaya.

Kafin a shiga gardamar sai an san yadda farashin yake. Tun ƙarshen 2020 aka kasa masu shan wuta rukuni biyar, gwargwadon awannin da aka yi alƙawarin ba su a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Ba mutum ke zaɓar rukuninsa ba, layin da ke ciyar da taransifomar unguwarsa ke zaɓa masa. Ranar 3 ga Afrilun 2024 NERC ta ɗaga farashin rukunin A daga wajen naira 68 zuwa naira 225 a kowane yunit, ya sauko zuwa 206.80 a watan Mayu, ya koma 209.50 a Yuli. Sauran rukunan an bar su a farashin da suke kai tun Disamban 2022, ƙasa da naira 70, gwamnatin tarayya na cike giɓin. Layukan karkara galibi a rukunan ƙasa suke, inda wuta take da araha kuma take da ƙaranci.

Masu son a bar musu kuɗin wata ba wawaye ba ne, kuma ba duka ne ke da abin ɓoyewa ba. Hujjarsu ta farko kwanciyar hankali ce. Malamin firamare mai albashi ƙididdigagge yana son ya san tun farkon wata abin da zai fita daga aljihunsa. Da kuɗin wata, ranar da aka kawo wuta an kawo ke nan, fanka ta juya har asuba, babu mai tashi tsakar dare yana haska mita da tocilan don ya ga yunit nawa ya rage. Duk wanda ya san zafin bazara a tsakiyar Katsina, daga Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, ya san abin da ake nufi da a ce wuta na nan a unguwa amma gidanka duhu saboda kati ya ƙare kuma aljihu babu komai. Mai bil na ƙiyasi yana iya cin bashi, ya roƙi arziki, ya ce a yi masa haƙuri zuwa ranar kasuwa. Mita ba ta san haƙuri ba, ba ta san rasuwa ko suna ba.

Sai kuɗin mitar kanta. Har zuwa Satumban 2023 mitar gida mai layi ɗaya naira 58,661 take a hukumance, sai aka mayar da ita 81,975. A watan Mayun 2024 aka sakar wa kamfanoni mara su yi gasar farashi, ta haura dubu ɗari. Doka ta ce wanda ya biya kuɗin mita da kansa a mayar masa a hankali ta hanyar ƙarin yunit, amma manomin da ke neman kuɗin taki a farkon damina ba ya lissafi da abin da za a riƙa tsakuro masa nan da shekaru. Ta kyauta fa? An raba wasu a shirin gwamnatin tarayya da aka fara a 2020. A Yunin 2024 kuma NERC ta ware naira biliyan 21 don sayen mitoci, sai dai ta ce a fara da 'yan rukunin A, wato inda kuɗi ke fitowa. Mutumin ƙauye yana can ƙarshen layi. Zuwa 2024 fiye da rabin masu rajistar shan wuta a Najeriya ba su da mita, kuma ba don duk sun ƙi ba ne.

Akwai wata hujja da mutanen Legas ba za su gane nauyinta ba, amma mutumin Dutsin-Ma da na Kurfi ya gane. Kati ba takarda ba ce da ake saye a ajiye a shago, lamba ce mai ɗauke da alƙaluma 20 da ke zuwa ta waya ko ta na'urar POS. A watan Satumban 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Dutsin-Ma da Kurfi, kuma sai a Disamba aka buɗe. Mutane sun riƙa tafiya mai nisa don kawai su kira waya. A irin wannan hali mai mita sai ya fita yankin kafin ya sayi wuta, mai kuɗin wata kuwa ko a jikinsa. An sake ɗanɗana irin haka a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da tsabar naira ta ɓace tura kuɗi ta banki kuma ya riƙa maƙalewa. Sannan kafin 24 ga Nuwamban 2024 an tilasta wa duk mai mita ya sabunta ta da wasu lambobi guda biyu, in ba haka ba ta daina karɓar kati. Ga matashi wannan aikin minti biyar ne. Ga dattijon da idonsa ya yi rauni, yana nufin wutar gidansa ta koma hannun yaron da ya iya danne-danne.

Hujjar da na fi ganin ƙarfinta ita ce ta gidan yawa. Gidajenmu ba irin na ma'aikata a birni ba ne, mata da miji da 'ya'ya uku. Gida ɗaya ne mai zaure ɗaya, ga tsoho, ga 'ya'yansa maza kowa da sashensa, ga matan kowanne. In aka kafa mita ɗaya a zaure, an kafa alƙali marar baki. Yunit ya riƙa zurarewa, a fara kallon juna. Wa ya kunna hita da asuba? Amaryar wane ce ke guga kullum? Za ka ji ƙane na cewa, "Yaya, ni fa ƙwai biyu ne a ɗakina, firizar sashenku ce ke cinye katin." Yayan ya ce, "To ruwan sanyin da kake aikowa a ɗebo maka da azumi fa, daga ina yake fitowa?" Tsoho yana jinsu, ya ce, "Ku dai ku bar mu yadda muke." Ga irin wannan gida kuɗin wata ba wuta kaɗai yake saya ba, har da zaman lafiya, kuma duk wanda ya taɓa sasanta rikicin kishiyoyi a kan abin da bai kai wannan ba ba zai ce zaman lafiyar ta yi tsada ba.

To, ga ɗaya ɓangaren.

Masu goyon bayan mita sukan fara da tuna wa mutane watan Oktoban 2024. An lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin da ya biyo ta Ugwuaji da Apir ya samu matsala, akasarin Arewa ta zauna cikin duhu fiye da mako guda. Masu ƙanƙara suka yi asara, masu walda suka rufe, cajin waya ya zama abin nema. A waɗannan kwanakin mai mita bai biya ko sisi ba, yunit ɗinsa na nan yadda ya bar shi. Wanda ke kan kuɗin wata kuwa sai dai ya je ya yi ciniki da baki, ya roƙi a rage masa. Nan ne gizo ke saƙar. Abin da kuɗin wata ke tabbatar maka shi ne abin da za ka biya, ba abin da za a ba ka ba. A ƙasar da wuta ke nan dare da rana, tsayayyen farashi kariya ce ga mai saye. A inda wutar ce ba ta da tabbas, tsayayyen kuɗi kariya ce ga mai sayarwa, domin duk ranar da layi ya faɗi asarar a wuyan mai gida take sauka. Hukuma ma ta taɓa yarda da wannan: a watan Fabrairun 2016 aka soke tsayayyen cajin nan da ake ɗora wa kowa duk wata ko an kawo wuta ko ba a kawo ba, bayan an daɗe ana kuka da shi.

Kuma ma, in ji su, wa ya ce kuɗin ƙiyasi a tsaye yake? A Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka ga abin da za a iya caje wa marar mita, ana ɗaure shi da abin da masu mita a yankinsa suke sha, kuma iyakar tana canzawa. A Fabrairun 2024 hukumar ta ci tarar kamfanonin rarraba wuta 11 naira biliyan 10.5 saboda sun tsallake wannan iyaka tsakanin Janairu da Satumban 2023. Wato abin da ake ɗauka a matsayin yarjejeniya ba yarjejeniya ba ce. Ɓangare ɗaya ne ke rubuta lamba, ɗaya ɓangaren ya biya ko a cire masa waya. Wanda ya ƙi biya kuma bashin bai ɓace ba, yana taruwa a kan sunan gidan.

Sai lissafi, wanda kowa zai iya yi a bayan takardar bil. Yunit ɗaya shi ne wutar da abu mai ƙarfin wat 1,000 ke sha a awa guda. Ƙwan fitila na zamani mai wat 10, guda biyar, awa biyar a dare, rubu'in yunit ke nan. Fanka mai wat 60 ta yi awa takwas, ba ta kai rabin yunit ba. Ƙaramar talabijin ta yi awa huɗu, kashi ɗaya cikin biyar na yunit. Cajin wayoyi bai kai a ambata ba. Gida mai waɗannan kaya yana shan wajen yunit ɗaya a rana, 30 a wata, in har an kawo wutar kullum ke nan. A kan naira 50 kowane yunit, naira 1,500 ne kafin haraji. Sai kowane maigida ya ɗauko abin da ake yanka masa ya kwatanta. Akwai ma rukunin masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda ba sa wuce yunit 50 a wata, da doka ta yanke wa naira 4 kacal a kowane yunit. Amma ta yaya marar mita zai nuna cewa bai wuce 50 ba?

Yanzu a juya lissafin. Hitar dafa ruwa wat 1,000 ce ko fiye. Dutsen guga haka. Rishon lantarki ya fi. Firiza takan sha yunit ɗaya zuwa biyu a rana ita kaɗai. Mai firiza biyu yana sayar da ƙanƙara da zoɓo, matarsa na girki da lantarki duk ranar da aka kawo, zai iya shan ninki goma na abin da gidan farko ya sha. In kuɗin da ake yanka musu ɗaya ne, ko ya kusa, to wani na biya wa wani ne. Kuma ba mai hali ke biya wa talaka ba. Bazawara mai ƙwai biyu da rediyo ita ke ɗauke wa mai shago nauyi ba tare da ta sani ba. Shi ya sa, in ka lura a majalisa, mai ɗaga murya a kan a bar kuɗin wata sau da yawa shi ne mai kayan wuta da yawa. Ban ce mugunta ce ba. Kowa ya san inda ribarsa take.

Malaman fiƙihu ma suna da abin cewa a nan. Ciniki a asali yana son a san abin da aka saya da adadinsa. Malikiyya sun halatta sayar da kaya a tsibi ba tare da awo ba, kamar yadda ake kasa tumatir ko dankali a kasuwa, amma da sharuɗɗa: mai saye ya ga kayan da idonsa, ya iya kimanta su, kuma kada ɗayansu ya san adadin ya ɓoye wa ɗan'uwansa. Mai sayen kashin tumatir yana tsaye a kansa, ya duba, ya taya. Mai biyan ƙiyasin wuta bai ga komai ba, bai san awa nawa za a ba shi ba, mai sayarwar ma bai san nawa aka sha ba. Fatawa aikin masu ita ce, kuma larura tana da hukuncinta, tun da wanda ba a ba mita ba ba shi da yadda zai yi. Amma wanda aka miƙa wa tiya ya ce shi ya fi son a ci gaba da kasa masa a cikin duhu, ya kamata ya tambayi kansa dalili.

Akwai wani abu game da mita da ba a cika faɗa ba, alhali shi ne amsar masu neman tabbas. Yunit ɗin da ka saya ka loda naka ne, a farashin ranar da ka saya, ba ya ruɓewa kuma ba ya ƙarewa don wata ya mutu. Waɗanda suka shiga watan Afrilun 2024 da yunit a mitarsu a rukunin A sun ci gaba da shan sa a tsohon farashi har ya ƙare. Ga manomin Kuki, wanda kuɗinsa da kaka yake zuwa, ko bayan ya kwashe kayan lambu in yana noman rani a gefen madatsar Zobe, wannan ya fi dacewa da rayuwarsa a kan bil da ke ƙwanƙwasa ƙofa duk wata, har da Yuli da Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Ya sayar da buhun masara ko na wake, ya loda wutar wata shida, ya manta. In ana neman farashi tsayayye na gaskiya a ƙasar nan, to wannan ne, kuma mai gida ne ke ƙulla shi da hannunsa.

Masu kuɗin wata suna da martani, kuma ba na banza ba ne. Sukan ce: to in aka wayi gari an ɗaga layinmu zuwa rukunin A fa? Yunit 30 ɗin nan na naira 1,500 zai koma sama da 6,000, mita kuma za ta cire shi ba tare da shawara ba. Haka ne. Sai dai marar mita ma ba zai tsira ba, don ƙiyasinsa da farashin rukunin ake ninka shi, kuma shi ba shi da ikon rage shan sa don kuɗin ya ragu. Ƙa'idar 2024 ta ce layin da ya yi kwana bakwai a jere bai cika awa 20 ba a sauko da shi daga rukunin A. Bin wannan haƙƙi aiki ne, amma aƙalla mai mita ko an zalunce shi a farashi ba a zalunce shi a awo ba.

Duk wannan gardama da a da ne da ta tsaya nan. Abin da ya sauya ta shi ne ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba a hukumance ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 a Oktoban 2024. Ƙaramin janareta da ƙyar yake fitar da yunit biyu daga lita guda, wato a wannan farashi wutarsa ta ninka ta rukunin A tsada fiye da sau biyu. Janaretoci da yawa suka koma bayan ƙyaure, farantan sola suka hau rufin kwano. Wasu sun saya kai tsaye, wasu ta hannun kamfanoni irin su Sun King da d.light da ake biya kaɗan-kaɗan har kayan su zama naka. Sola tana da nata ciwon kai: faɗuwar darajar naira tun Yunin 2023 ta ɗaga kuɗin kayan, batir yana mutuwa bayan 'yan shekaru a nemi sabo, ƙurar hunturu na rage ƙarfin faranti in ba a goge shi, ƙaramar sola kuma ba ta ɗaukar firiza ko dutsen guga. Amma fitila da fanka da caji, waɗanda su ne wutar talaka, tana riƙe su a ƙasar da rana ba ta rowa. (Iska ma an gwada. Fankokin Lambar Rimi masu megawat 10, da aka faro maganarsu tun Umaru Musa 'Yar'aduwa na gwamna, sun fi shekara goma ana jiran su. Mai gida ba zai gina lissafinsa a kan irin wannan jira ba.)

Ga mai sola, kuɗin wata biya biyu ne. Rana ta ba shi fitila, sannan ya biya cikakken bil na wutar da bai taɓa ba. Da mita kuwa wutar layi ta zama ta ko-ta-kwana: ya kunna ta don guga, ko cika batir a ranar hadari, watan da bai taɓa ta ba bai biya komai ba. Yayin da sola ke ƙara yawa, masu ƙaramin sha za su riƙa ficewa daga kuɗin wata, ko da mita ko da cire wayarsu gaba ɗaya, nauyin ya koma kan waɗanda suka rage. Tsarin da kansa yake cin kansa.

Ni dai ina ɓangaren mita, kuma ba da rabin zuciya ba, ga duk gidan da shan wutarsa kaɗan ne ko yake da sola. Mai sana'ar ƙanƙara zai biya fiye da da, amma abin da yake sha ne zai biya, ya sa shi a kuɗin ƙanƙararsa. Maganar rufe layin waya gaskiya ce, maganinta kuwa a loda yunit da ɗan yawa tun ana zaman lafiya, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Inda na ja baya shi ne gidan yawa. A can mita ɗaya a zaure fitina ce, kuma ban ga laifin tsohon da ya ƙi ta ba. Ko dai kowane sashe ya samu tasa, ko a sa ƙananan mitoci na cikin gida da masu gyaran wuta ke haɗawa, kowa ya ga abin da ya sha a raba kuɗin kati a kan haka. In babu halin ko ɗaya, gara a jira.

Wanda ya yanke shawarar karɓa, akwai abin da zai yi kafin a ɗaura ta. Bashin da ke kan tsohon bil ba ya mutuwa da zuwan mita, ana mayar da shi kanta ne a riƙa cira duk sanda aka sayi kati. Mutane da yawa da ke cewa mita na cin kuɗi, tsohon bashin ƙiyasi suke biya ba su sani ba. Don haka a tattara rasitai, a je ofis a zauna a daidaita lissafi a rubuce, a ƙi amincewa da abin da ya haura iyakar da NERC ta sa. In ba a warware ba cikin kwanakin aiki 15, doka ta ba da damar kai ƙara ofishin sauraron ƙorafi na hukumar. A kuma duba rasit ɗin kati na farko, a ga rukunin da aka sa gidan da kuɗin kowane yunit.

Abin da har yanzu ke da wuyar warwarewa shi ne taransifoma. A dokance gyaranta da sauya ta da sayen falwaya aikin kamfani ne, NERC ta sha nanata haka. A aikace, in ta ƙone a ƙauye, karo-karo ake yi ko a jira ɗan siyasa. Masu mita na cewa kuɗin wata ne ke ƙona ta, tun da wanda ba a auna masa ba ba ya kashe ƙwai da rana, kuma kowa na jona hita a lokaci guda da zarar an kawo. Da gaskiyarsu. Amma littafin ɗan kwamitin nan da ke zagayawa duk wata shi ne kuma littafin da ake buɗewa ranar da taransifoma ta yi bindiga, shi ya san gida nawa ne a kan layi, wa ke biya, wa ake ɗauke wa. In kowa ya koma sayen katinsa a waya shi kaɗai, kwamitin zai watse, ranar da duhu ya zo kuma sai an fara neman wanda zai tara mutane daga farko. Unguwar da za ta koma mita ya kamata ta zauna tun kafin a fara ɗaurawa, ta bar kwamitin a raye da ɗan abin da kowane gida zai riƙa sakawa, aikinsa ya koma rubuta awannin da aka kawo wuta kowace rana da bin kamfani da takarda in abu ya lalace.